Frutticoltura: Tambayoyi da Amsoshi Kan Asalin Kalmar Noman 'Ya'yan Itatuwa a Italiyanci

Duk wanda ya leƙa manhajar makarantun aikin gona na Italiya, ko ya bibiyi labarin cinikin tuffa da kiwi na ƙasar, ba zai yi nisa ba sai ya ci karo da kalmar frutticoltura. A kunne tana kama da tsohuwar kalma wadda aka gada tun zamanin Rumawa, amma ba haka abin yake ba. Kayan da aka gina ta da su sun haura shekara 2,000, ita kuwa kalmar ba ta daɗe ba. Ga amsoshin tambayoyin da mai son sanin tushenta zai iya yi.

Mene ne ma'anar frutticoltura, kuma yaya ake furta ta?

Ma'anarta noman 'ya'yan itatuwa, wato sana'a da ilimin shuka itatuwan marmari, renonsu, yi musu aure, rage musu rassa, kare su daga ƙwari, har zuwa tsinkar 'ya'yan da adana su. Wanda ke wannan sana'a sunansa frutticoltore, gonar kuma frutteto, mai sayar da kayan a kasuwa ko a shago shi ne fruttivendolo.

Ana furta ta gaɓa biyar: frut-ti-kol-tu-ra, a ɗan ja muryar a kan "tu". Harafin c a nan sautin k yake bayarwa. Bahaushe ba ya shan wahalar wannan kalma, domin t ɗin nan mai ninki irin wanda muke da shi ne a "hatta" da "batta". Italiyawa suna riƙe baƙi mai ninki sosai kamar yadda muke yi, kuma a wurinsu ma ninkin yana iya canza ma'ana.

Daga ina kalmar ta fito?

Kalmomi biyu aka haɗa: frutto, ɗan itace, da coltura, noma. Dukansu daga Latin suke, harshen tsohuwar daular Rum wanda Italiyanci ya tsiro daga gare shi. Frutto ta fito daga fructus, coltura kuma daga cultura. Haɗin kansa kuwa aikin ƙarni na 19 ne, kuma an yi shi bisa tsarin agricoltura, wadda ita ce uwar duk kalmomin da ke wannan gida: orticoltura ta noman lambu, viticoltura ta inabi, olivicoltura ta zaitun, agrumicoltura ta dangin lemo, floricoltura ta furanni, apicoltura ta kiwon zuma, bachicoltura ta kiwon tsutsar siliki.

Shin fructus a Latin ɗan itace kawai take nufi?

A'a, kuma nan ne labarin ya fi daɗi. Fructus ta fito daga aikatau frui, wanda ke nufin a mori abu, a ci amfaninsa, a ji daɗinsa. Saboda haka ma'anarta ta farko ita ce moriya. Duk abin da dukiya ta haifar wa mai ita fructus ne: hatsin da gona ta bayar, ɗan maraƙin da saniya ta haifa, ulun tumaki, kuɗin hayar gida. Ɗan itacen da ake tsinka a ci yana cikin wannan jerin, amma ba shi kaɗai ba ne, ba ma shi ne kan gaba ba. Idan Barume yana son ya ce tuffa ko ɓaure ko wani abu mai kama da su, kalmar da ta fi zuwa bakinsa ita ce pomum.

Mai jin Hausa zai gane wannan tunani nan take, domin mu ma abin da gona ta bayar "amfanin gona" muke ce masa. Ba mu kira shi da siffarsa ba, mun kira shi da abin da yake yi wa mai gonar. Haka Rumawa suka yi. Daga wannan saiwa ta frui ne kuma aka sami frumentum, hatsi, wadda ta zama frumento, alkama a Italiyancin yau. Ke nan a asali alkama da tuffa 'yan ɗaki ɗaya ne.

Tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba, tana nan a harshen shari'a da na kuɗi. Dokar hulɗar jama'a ta Italiya, wadda aka kafa a 1942, a sashe na 820 ta raba frutti gida biyu. Akwai na halitta, irin su amfanin gona, itacen daji, 'ya'yan dabbobi da abin da ake haƙowa a ma'adinai. Akwai kuma na mu'amala, irin su kuɗin haya da ribar da jari ke jawowa. Kalmar usufrutto, daga usus da fructus, tana nufin haƙƙin mutum ya mori dukiyar da ba tasa ba, ya zauna a gidan ko ya ci amfanin gonar, ba tare da ya mallaki asalinta ba. Wanda ya karanta fiƙihu zai tuna da bambancin da malamai ke yi tsakanin mallakar abu da mallakar manfa'arsa. Har gobe idan Ba'italiye ya ce kuɗinsa sun yi fruttare, yana nufin sun kawo riba.

To yaya fructus ta koma frutto?

Ta hanyar wani sauyi da ya bi harshen gaba ɗaya. A bakin mutanen tsakiyar Italiya, duk inda sautin k ya haɗu da t, sai na farkon ya narke cikin na biyu. Octo, takwas, ta zama otto. Noctem, dare, ta zama notte. Factum ta zama fatto. Haka fructus ta zama frutto. Maƙwabta kuwa kowa ya bi tasa hanyar: Sifaniyawa suka ce ocho da noche, Faransawa suka ce huit da nuit, kuma daga wannan hanya ta Faransa ne fruit ta fito, wadda Ingilishi ya ara daga baya.

Me ya sa ake rubuta coltura da o, alhali akwai cultura da u? Kuskure ne?

Ba kuskure ba ne. Kalmomi biyu ne masu uwa ɗaya, kowacce da aikinta. A Italiyancin yau coltura ta gona ce, cultura kuma ta ilimi da al'ada. Za ka ji an ce coltura del pesco, noman itacen pesca (ɗan itace mai laushin bawo da ƙwallo ɗaya a ciki), sannan a ce ministero della cultura, ma'aikatar al'adu.

Dalilin rabuwar yana cikin tsawon wasali, abin da ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Latin yana da u gajere da u dogo. Gajeren, a bakin talakawa, ya rikiɗe ya zama o: multum ta zama molto, mundus ta zama mondo, gula ta zama gola. Dogon kuwa ya tsaya yadda yake. U na farko a cultura gajere ne, shi ya sa wadda ta biyo ta bakin jama'a ta fito a matsayin coltura. U na fructus dogo ne, shi ya sa ba a sami "frotto" ba. Ke nan a cikin frutticoltura kaɗai ana iya ganin dokokin biyu gefe da gefe. Ita kuwa cultura mai u, malamai ne suka ɗauko ta kai tsaye daga littattafan Latin, ba ta bi ta kasuwa ba.

An daɗe ana cakuɗa siffofin biyu, kuma a tsofaffin littattafai za ka ga frutticultura da u. Ƙamusoshi suna kawo ta har yanzu a matsayin siffar da ba a cika amfani da ita ba.

Tushen duka biyun shi ne aikatau colere, kalma mai faɗin gaske. Tana nufin a nome ƙasa, a zauna a wuri, a kula da abu, har ma a bauta wa abin bauta. Daga gare ta aka sami agricola, manomi, da colonus, wanda ya zauna a ƙasa yana nomanta, da colonia, matsugunin irin waɗannan mutane, wadda daga baya Turawa suka laƙaba wa ƙasashen da suka yi wa mulkin mallaka. Culto, wato ibada, ita ma daga nan take. Wanda ya ɗauki kalmar daga gona ya kai ta ga zuciya shi ne Cicero. A shekara ta 45 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), cikin littafinsa Tusculanae Disputationes, ya kira falsafa cultura animi, noman rai, yana mai cewa gona komai kyanta ba ta bayar da amfani sai an nome ta, haka ma zuciya ba tare da koyo ba. Abin da Turai ke kira al'ada da wayewa a yau daga wannan kwatance ya samo suna.

Harafin i da ke tsakiya fa, na mene ne?

Mahaɗi ne. A agri cultura ta Latin, agri siffar mallaka ce ta ager, gona, wato "noman gona", kuma da farko kalmomi biyu ne a rabe. Da suka manne, sai kunne ya ɗauki wannan i a matsayin abin da ake ɗaure kalmomi da shi, musamman da yake Latin ya saba haɗa kalmomi da i. Shi ya sa aka sami orti-, flori-, api-, frutti-. Ya yi daidai da jam'in frutto, wato frutti, amma dacewa ce kawai.

Idan kalmar sabuwa ce, Rumawa ba su noma 'ya'yan itatuwa ba ke nan?

Sun noma, kuma sun ƙware. Abin da ba su yi ba shi ne ware wannan aiki a matsayin sana'a mai zaman kanta da ke buƙatar suna nata. A wurinsu duk agri cultura ne.

Cato, wanda ya rayu daga 234 zuwa 149 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rubuta De agri cultura, littafin zube mafi tsufa da ya iso mana cikakke a Latin. A farkonsa ya jera gonaki bisa ribarsu: gonar inabi ta ɗaya, lambu mai ban ruwa na biyu, zaitun na huɗu, hatsi na shida. Varro, a littafinsa na shekara ta 37 kafin haihuwar Annabi Isa, ya sa ɗaya daga cikin masu hirarsa yana tambaya ko ba a cika Italiya da itatuwa ba har ta zama kamar pomarium guda, wato gonar 'ya'yan itace ɗaya daga wannan baki zuwa wancan. Columella, haifaffen Kadis a ƙasar Sifen ta yau, ya rubuta littafi mai juzu'i 12 a ƙarni na 1, ya yi bayanin dashe da auren itatuwa dalla-dalla. Pliny babba, wanda ya rasu a aman wutar dutsen Vesuvio a shekara ta 79, ya keɓe juzu'i na 15 na Naturalis Historia ga itatuwa masu 'ya'ya, ya lissafa ire-iren tuffa da pera (ɗan itace ɗan uwan tuffa, mai tsukakken wuya) da ɓaure da sunayensu. Palladius, can wajen ƙarshen daular, har waƙa ya yi a kan auren itatuwa.

Ilimin bai yanke ba bayan faɗuwar Rum. Gidajen ibadar Kirista sun riƙe lambuna, sannan a farkon ƙarni na 14 wani alƙali ɗan Bologna, Pietro de' Crescenzi, ya tattara abin da aka sani cikin Ruralia commoda, wanda aka buga da injin ɗab'i a 1471. Duk da haka ba wanda ya ji buƙatar ƙirƙiro frutticoltura.

To me ya faru a ƙarni na 19 har aka buƙace ta?

A ganina wannan ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci, domin amsarta ba a nahawu take ba, a gona da kasuwa take.

Shekaru ɗaruruwa, a yawancin tsakiya da arewacin Italiya, itacen marmari ba shi da gona tasa. Tsarin da ake bi shi ne wanda suke kira coltura promiscua, noman gauraye: alkama a fili, layin itatuwa a tsakani, inabi yana hawa jikinsu, ga ɓaure ko pera ɗaya ko biyu a bakin gida. Manoma da yawa suna ƙarƙashin mezzadria, inda mai ƙasa da mai noma ke raba amfanin gona biyu. A irin wannan zama abin da ke gaban iyali shi ne burodi da mai da ruwan inabi. 'Ya'yan itace na ci a gida ne, ko a kai kasuwar ƙauye, ko kuma abin ado ne a lambunan masu sarauta. Dalili kuwa a fili yake: kaya ne masu saurin ruɓewa, ba sa jure tafiyar keken doki ta mako guda.

Jirgin ƙasa ne ya sauya lissafin. Italiya ta dunƙule ta zama ƙasa ɗaya a 1861. An buɗe hanyoyin jirgin ƙasa masu ratsa tsaunukan Alps: layin dogo na mashigar Brennero a 1867, ramin jirgi na Frejus a 1871, na Gottardo a 1882. Nan da nan kasuwannin Jamus, Ostiriya, Suwizalan da Faransa suka matso kusa. Francesco Cirio, ɗan kasuwar da ya fara sana'ar gwangwani a Torino a 1856, ya shahara wajen aika ɗanyen kayan lambu da na marmari zuwa arewacin Turai a taragai. Da zarar ɗan itace ya iya isa Munich ko Vienna da kyansa, sai ya zama abin da za a ba gona sukutum, a zaɓi iri ɗaya, a shuka shi layi-layi, a yi masa lissafin riba. A daidai wannan lokaci makarantun aikin gona da mujallu da littattafan koyarwa suka yawaita, kowane fanni yana neman sunan da za a rubuta a bangon littafi da ƙofar aji. Kalmar ta zo ne domin sana'ar ta riga ta tsaya da ƙafarta.

Garin da Italiyawa ke ɗauka a matsayin mahaifar wannan sabon noma shi ne Massa Lombarda, a lardin Ravenna na yankin Romagna. A can ne, wajen ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, aka fara kafa manyan gonakin pesca domin sayarwa kawai, tare da rumbunan tantancewa da ɗaurin kaya. An yi baje kolin frutticoltura na ƙasa a garin a 1927, kuma yau akwai gidan tarihin wannan sana'a a can mai ɗauke da sunan Adolfo Bonvicini, ɗaya daga cikin waɗanda suka share fagen.

Mene ne bambancinta da pomologia?

Frutticoltura noma ce, pomologia kuwa sanin iri ne. Mai pomologia aikinsa ya bayyana kowane nau'i: siffarsa, launin bawonsa, ɗanɗanonsa, lokacin nunarsa, sunayen da ake kiransa da su a garuruwa daban-daban, domin kada a ɗauki iri ɗaya a matsayin uku ko uku a matsayin ɗaya. An gina kalmar daga pomum ta Latin da logos ta Girkanci. Daga pomum ɗin ne Rumawa suka sa wa abar bautarsu ta lambuna suna Pomona.

Italiya tana da tarihi mai kyau a wannan fanni, kuma abin yana burge ni ƙwarai. A Firenze, Cosimo na III na gidan Medici ya sa mai zane Bartolomeo Bimbi ya zana ire-iren 'ya'yan itatuwan lambunansa a manyan alluna, kowane ɗa da lambarsa, sunayen kuma a jere a ƙasan zanen. Allunan suna garin Poggio a Caiano, kusa da Firenze, yanzu, masana suna komawa gare su don gano nau'o'in da suka ɓace. Giorgio Gallesio, mutumin Liguria, ya wallafa littafi kan dangin lemo a Paris a 1811, sannan ya shafe daga 1817 har rasuwarsa a 1839 yana fitar da Pomona Italiana kashi-kashi, da zane masu launi. Francesco Garnier Valletti, wanda ya rasu a 1889, ya ƙera ɗaruruwan 'ya'yan itatuwa na kwaikwayo da hannunsa, masu kama da na gaske har a nauyi, domin masu koyo su gane iri ko da ba lokacinsa ba ne. Suna nan a Museo della Frutta na Torino.

Pomum ta bar wani ɗa da kowa ya sani. Da tumatir ya iso daga nahiyar Amurka, masanin tsirrai Pietro Andrea Mattioli ya rubuta sunansa a 1554 da pomi d'oro, 'ya'yan zinariya. Shi ne pomodoro na yau.

Frutto, frutti, frutta: wanne ne wanne?

Il frutto ɗa guda ne a jikin itace, ko sakamakon wani aiki. I frutti jam'insa ne. La frutta kuwa ita ce kayan marmari a dunƙule, waɗanda ake saye a kasuwa a ɗora a tebur. Ta samo asali daga fructa, wani jam'i na Latin na baya-baya, wanda saboda ya ƙare da a mutane suka ɗauke shi tilo na mace. Frutti di mare, 'ya'yan teku, su ne dangin jatan lande da kawa, inda tsohuwar ma'anar amfani ta sake leƙowa.

Da yake a teburin Italiya kayan marmari ne ke rufe cin abinci, idan mutum ya ce siamo alla frutta, mun iso kan 'ya'yan itace, yana nufin an zo ƙarshe, ƙarfi ko dabara ta ƙare. Tsarin tsoho ne. Mawaƙi Horace ya yi amfani da ab ovo usque ad mala, daga ƙwai har zuwa tuffa, domin liyafar Rumawa da ƙwai take farawa.

Sunayen 'ya'yan itatuwan kansu duk daga Latin suke?

A'a, kuma sunayen suna nuna hanyar da kowane itace ya biyo. Pesca, wani ɗan itace mai laushin bawo da ƙwallo ɗaya a ciki, daga persica take, wato 'yar Farisa, domin ta can Rumawa suka san ta, ko da yake asalinta ƙasar Sin ne. Ciliegia, ƙaramin jan ɗan itacen da Ingilishi ke kira cherry, tana da alaƙa da cerasus ta Latin, kuma Pliny ya ce janar Lucullus ne ya kawo itacen daga yankin Pontus, a gaɓar Baƙin Teku ta Turkiyya ta yau, bayan yaƙinsa da sarki Mithridates.

Albicocca, 'yar uwar pesca wadda Ingilishi ke kira apricot, ta yi tafiya mai ban mamaki. Rumawa sun kira ta praecoquum, mai nuna da wuri. Girkawa suka ari kalmar, Larabawa suka karɓa daga gare su suka ce al-barƙuƙ, sannan ta dawo Italiya ɗauke da "al" na Larabci a goshinta.

Dangin lemo kuwa nan ne hanyarmu da ta Italiyawa ta haɗu. Limone daga laimun na Larabci take, kuma daga wannan kalma ce Hausa ta sami lemo. Arancia, lemon zaƙi, daga naranj take, wadda Larabci ya karɓa daga Farisanci, shi kuma daga Indiya. A karin harshen yankuna da dama na Italiya ana kiran lemon zaƙi portogallo, saboda 'yan kasuwar Fotugal da suka yaɗa shi, kamar yadda Larabawa ke cewa burtuƙal.

Wannan tasiri ya fi ƙarfi a tsibirin Sisili. Musulmi sun fara shigarsa a 827, suka kama Palermo a 831, mulkinsu ya ci gaba har Normawa suka karɓe birnin a 1072. Sun bar dabarun ban ruwa da sunayensu. Manomin lemo a Sisili yana kiran tafkin ajiyar ruwa gebbia, daga jabiya, magudanar ruwa saia, daga saƙiya, furen lemo kuma zagara, daga zahr. Filin lambunan da ya kewaye Palermo shi ake kira Conca d'Oro.

Akwai wasu kalmomin sana'ar da ya kamata a sani?

Uku sun isa. Innesto shi ne abin da masu lambu a wurinmu ke kira aure, kamar yadda ake yi wa mangwaro da lemo: a ɗauko reshen iri mai kyau a haɗa shi da gindin wani mai ƙarfin saiwa. Gindin sunansa portinnesto, reshen kuma marza, daga marzo, watan Maris, lokacin da aka saba yin aikin. Italiyawa su ma suna da aure a gona, amma wani abu dabam suke nufi da shi: vite maritata ita ce kurangar inabin da aka ɗora wa itace mai rai ta hau, kamar yadda har yanzu ake gani a kewayen Aversa kusa da Napoli.

Potatura ita ce rage rassa, daga putare. Ma'anar farko ta putare ita ce a tsabtace itace, a datse abin da ba ya da amfani. Daga nan ta koma tace lissafi, sannan yin tunani. Computare, a haɗa lissafi, daga gare ta take, kuma jikanyarta ce kwamfutar da muke amfani da ita.

Vivaio shi ne wurin renon dashe, daga vivarium, wurin ajiye abu mai rai. Garin Pistoia a Toscana ya yi suna a wannan sana'a a duk faɗin Turai.

Inabi da zaitun suna cikin frutticoltura?

A ilimin tsirrai 'ya'yan itace ne, amma a al'adar Italiya kowanne yana da gidansa, viticoltura da olivicoltura, saboda girmansu a tattalin arziki da tarihi. Sau da yawa lemo ma akan ware shi. Kankana da dangin guna suna wajen masu lambu, wato orticoltura. Masu ɓawo mai tauri kuwa, irin su nocciola ta Piemonte da pistacchio na Bronte a gindin dutsen Etna, suna ciki. A kasuwanci akan haɗa lambu da marmari a ce ortofrutta.

Sauran harsunan Turai sun bi wannan tsari?

Sifaniyanci da harshen Fotugal suna cewa fruticultura, da t ɗaya. Romaniyawa sun zaɓi ɗaya tushen, suka ce pomicultură. Faransawa sun fi cewa arboriculture fruitière. Jamusawa kuwa da kayan gidansu suka gina tasu, Obstbau, kuma ita ce za ka fi ji a gonakin tuffa na Alto Adige, lardin Italiya da yawancin mutanensa Jamusanci suke yi.

A ina kalmar ta fi rai a Italiya ta yau?

A arewa maso gabas da farko. Trentino da Alto Adige su ne gidan tuffa, kuma su ke bayar da mafi yawan kimanin tan miliyan 2 da ƙasar ke samarwa a shekara, abin da ya sa Italiya ke bin bayan Poland a Tarayyar Turai. Ƙananan manoma ne masu 'yan kadada kaɗan, amma sun haɗu cikin ƙungiyoyin gama kai masu rumbunan sanyi, kamar Melinda ta kwarin Val di Non, wadda tuffarta ta sami rajistar kariyar suna ta Tarayyar Turai a 2003. Emilia-Romagna ta pera ce da pesca. Lardin Latina, kudu da birnin Rum, inda aka busar da fadamu a shekarun 1930, ya zama cibiyar kiwi tun daga shekarun 1970. Sisili tana da jan lemon zaƙi, Calabria tana da bergamotto, wani dangin lemo da ake turare da man ɓawonsa, Campania kuma tana da tuffar annurca, wadda ake tsinka kafin ta gama nuna a shimfiɗa ta a ƙasa ana juyawa da hannu har ta yi ja.

Babban baje kolin sana'ar, Macfrut, ya fara a Cesena sannan ya koma Rimini, a Bolzano kuma ana yin Interpoma, wanda na tuffa ne zalla. Maganganun da suka fi yawa a irin waɗannan taruka a 'yan shekarun nan su ne na wani ƙwaro mai suna cimice asiatica, wanda aka fara gani a kewayen Modena a 2012 kuma ya yi wa masu pera mummunar ɓarna a 2019, da matsanancin sanyin da ke sauka bayan itatuwa sun yi fure ya ƙona shi, da ambaliyar watan Mayu na 2023 wadda ta shanye gonaki masu yawa a lardunan Ravenna da Forlì-Cesena.